Baba Mai Kwalabe, Mai Kula da Makabartarmu

Kafin a buɗe ƙofar majami'a, Baba yana bayan katanga da fartanya, yana nome ciyawa tsakanin kaburbura. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana kula da makabartar ikkilisiyarmu, kuma wannan Lahadi zai ajiye aiki. Mun daɗe muna yi masa dariya kan ɗabi'arsa: duk wanda aka binne, sai ya sa a rubuta sunansa a takarda, ya cusa a kwalba, ya toshe, ya turbuɗe ta wajen kai. Har Baba Mai Kwalabe muke ce masa.

Bara ruwa ya yi gyara, ya kwashe gicciyen katako kusan ashirin, lokacin Baba yana kwance a asibiti. Matasanmu, da kyakkyawar niyya, suka tsinto su suka kakkafa a jere, layi ɗoɗar, ba su tambayi kowa ba.

Ba a jima ba wata tsohuwa ta rasu, ta bar wasiyya a kwantar da ita kusa da mijinta. An fara haƙa gefen gicciyen da ke ɗauke da sunansa, ga akwatin gawa a ajiye, sai Baba ya iso yana dogara sanda, ya shiga ramin ya tsaya.

"Ku dakata. Babanku ba nan yake ba."

Babban ɗan marigayiyar ya taso, ido jajir. "Haba Baba, ga sunansa a rubuce! Rana tana yi, Mama tana ajiye. Don Allah ka fito, kada mu yi abin kunya."

"Ɗana, in kuka ƙara taku biyu a nan, jaririyar wata za ku tono. Uwarta tana cikin masu waƙar can."

Waƙa ta tsaya cak. Fasto ya rufe Littafi Mai Tsarki, ya ce a ba Baba minti goma.

Baba ya nufi gindin katanga, ya durƙusa, ya tona da hannu. Babu komai. Ya matsa gaba ya sake, laka kawai. Aka fara gunaguni, kuma ba zan ɓoye ba, har da ni. Baba ya san in bai samu ba za a ce tsufa ne, a ci gaba da haƙa. A karo na uku yatsansa ya taɓa kwalba. Babban ɗan ya fasa ta, ya karanta sunan mahaifinsa, ya zauna daɓas a ƙasa yana kuka. Nan aka kwantar da tsohuwar.

Baba, kai ne ka riƙe mana waɗanda suka riga mu barci cikin Ubangiji, lokacin da mu muka manta. Kai ne ka tsaya cikin rami da ciwo a jikinka saboda jaririyar da ba ta yi ko wata guda a duniya ba. Mun gode, Ubangiji ya sa maka albarka.

Bayan sujada Fasto zai tambayi wanda zai karɓi aikin. Kada mu sunkuyar da kai, 'yan'uwa, domin wata rana Baba ma zai buƙaci wanda zai san inda yake kwance.