Ruwan da ya kwana a shato

Ban taɓa zama a lakwal, makarantar boko, ba, amma babu mai koya mini halin ruwa. Shekarar da gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, soji na riƙe da ƙasa, ni ke kula da gidan baƙin wani Alhaji a Tasawa. Bisa rufin akwai shato, gangar ƙarfe mai ba ɗakunan wanka ruwa ta tiyo.

Abu guda na lura da shi. In gidan ya daɗe ba baƙi, ruwa na kwance a shato rana na gasa shi, duk wanda ya fara tsayawa ƙarƙashin dush don wanka, bayan 'yan kwanaki sai zazzaɓi da tari mai shaƙe ƙirji. Sau biyu na gani. Na biyun a amalanke aka kai shi likita.

Wata rana da hantsi Alhaji ya shigo yana haki, wai wani kyaftin zai sauka da la'asar, ya zo duba rabon hatsi. Gidan kuwa ya fi wata ba kowa.

Na ce, "Alhaji, a juye shato in wanke shi da jabel, maganin kashe ƙwayar cuta."

"A juye? Bana? Haba Yaya, mata na yini bakin rijiya don tulu guda. So kike a jefe ni?"

"In kyaftin ya kwanta ciwo a gidan nan, wa za a ce ya zuba mishi magani? Ba kai mai rawani ba. Ni za a ɗaure."

Ya juya mini baya. Ni kuwa na ɗaura zane, na hau tsani, na jawo tiyo zuwa kwamin shayar da dabbobi na bayan katanga, na kira Fulanin da suka sauka nan da shanunsu masu haƙarƙari a waje.

Ruwa na cikin zuba sai ga motar soji, tun azahar ba ta yi ba. Kyaftin ya sauko, ya dubi laka a takalminsa.

"Wa ke ɓarnar ruwa a nan?"

Alhaji ya shiga gyaran hula. Ni kuwa ina bisa tsani, ban sauko ba.

"Ni ce, ranka ya daɗe. Ruwan ya kwana da yawa. Ciki na shanu zai iya da shi, ƙirjin mutum ba zai iya ba."

"Ke likita ce?"

"A'a. Na dai ga wanda aka ɗauka a amalanke."

Sojan da ke bayansa ya gyara riƙon bindiga. Can kyaftin ya ce, "To, da me zan yi wanka?"

Na tafasa mishi ruwan rijiya, na kai bokiti da ƙoƙo. Ya tsuguna ya yi wanka irin na ƙauyensu. Kwana huɗu ya yi, ya tafi da ƙafafunsa, ko atishawa. Alhaji kuwa sai da ya yi mako bai amsa gaisuwata ba.