Dabarar Rairayi a Kan Ƙanƙara

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara. Har yau ban manta da safiyar da ƙanƙara ta fara sauka ina sabon direba a wani kamfanin jigilar kaya a garin Bron na Faransa ba. Saura kwana huɗu watannin gwajina su cika, wato lokacin da shef, shugaban wurin aiki, ke duban aikinka kafin ya ce zauna ko kama gabanka. Takardun zamana a Faransa kuwa sun dogara da aikin nan, ga matata da ciki wata bakwai.

Ni mutumin Tawa ne. Shekara tara na yi ina tuƙi a hanyar Abalak, kuma kowa ya san ƙa'idar can: in mota za ta shiga rairayi, sai ka rage wa tayoyi iska su baje, kada su nutse. Da na fito a safiyar nan na ga farfajiya fari fat, ƙafa tana lumewa, sai na ce a raina, to, wannan ai rairayi ne mai sanyi. Na durƙusa na rage wa tayoyi huɗun nan iska kusan rabi, har ina jin kaina gwani. An loda kaya, na kama hanyar Paris, za ni Saint-Denis.

Cikin gari lafiya lau. Da na hau babbar hanya, inda aka share ƙanƙara aka zuba gishiri, sai mota ta fara rangaji. In juya sitiyari, sai ta yi jinkiri kafin ta bi. Na shiga tambayar kaina. In tsaya? In na tsaya na makara. In ci gaba? Na yi ta wannan gardama da kaina fiye da awa guda. Daga ƙarshe na ratse wurin shan mai. Na dafa tayar baya, wallahi zafi kamar murfin tukunya, gefenta kuma ya yi ƙululu.

Na kira Malam Isufu, makanikin kamfaninmu, dattijo ɗan Damagaram. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na zayyana masa.

"Ka rage me?" in ji shi. "Kai, Hamisu! Raƙuma ka gani a hanyar?"

"Malam, na ga kamar rairayi."

"Sanyi da kansa yana rage iska, kai kuma ka taimaka masa. Tayar motarka ta lokacin sanyi ce, robarta mai laushi ce, zanenta ne ke kama hanya, kuma sai da cikakkiyar iska yake aiki. Ba iska, ga kaya, ga gudu, dole ta dahu daga ciki."

Na ce bari in sake cika su in wuce, ba wanda zai sani.

"Wadda ta kumbura ta mutu, sauran ma ban yarda da su ba. Kada ka motsa. Kira shef."

"Malam, saura kwana huɗu fa."

"Na sani, ƙanena. Kira shi."

Na zagaya motar nan ya fi sau goma kafin na danna lambar. Tsoro nake ji ƙwarai, ga kunya. Aka turo mai sauya tayoyi, kaya suka kwana ba su isa ba.

Washegari shef ya kira ni ofis, Malam Isufu na tsaye bakin ƙofa. Shef ya ce wa ya taɓa tayoyin. Na ce ni ne, na faɗi dalili, har da Abalak. Ya daɗe yana kallona, ni kuwa na riga na fara tunanin abin da zan gaya wa matata.

"Abin da ka yi wauta ne," in ji shi. "Amma cikin direbobina duka, kai kaɗai ka kalli tayarka da safen nan." Ya miƙo mini ma'aunin iska, ya ƙara mini wata guda na gwaji, ya ce kowace Litinin in auna tayoyin dukan motoci tun suna da sanyi, kafin su tashi, Malam Isufu yana bina.

Abin da na koya ke nan: a wannan sana'a, wanda bai sani ba yakan tambaya, amma gwanin wata ƙasa ba ya tambaya. Shi ya sa duk ɗan gida da ya zo mana, nake fara ce masa, "Ka taɓa tuƙi cikin rairayi?" In ya washe baki ya ce sosai ma, to ba ni ba shi makulli sai mun durƙusa gaban taya tare.