Kujera Ɗaya a Ƙofar Ɗakin Gawa

A ƙofar ɗakin ajiye gawa kujera ɗaya ce tak, kuma wani bawan Allah ya cika ta. Kwat ɗinsa ta sha guga, ga ƙaton littafin addu'a a cinyarsa. Ina jin a gidansa ko cokali ya faɗi sai an sha wa'azi.

Muna jiran gawar abokina, mutumin da ko a mota ba ya iya zama tsohuwa na tsaye. Mahaifiyarsa tana gefena, ƙafafunta sun kumbura, tana rungume da takalmansa.

Mai kwat yana nuna fanka: "Haka Ruhu yake, ba a ganinsa, sai dai a ji sanyinsa." Ko tururuwar bango ba ta tsira ba, ya tatso darasin haƙuri a jikinta. Can sai ya bubbuga hannun kujerar.

"Mama, dubi kujerar nan. Tana ɗaukar nauyin kowa ba gunaguni. Haka Yesu yake, duk wanda ya gaji ya zo ya huta."

Mama ta dube shi sama da ƙasa.

"Ai tun ɗazu na zo, ɗana," in ji ta. "Kai na tarar a kai."