Tsibirin da Aka Ce Mana Jidda Ne

A gidanmu na Anbariyya, in sanyin Madina ya kama, bayan sallar magariba kowa sai ya taru ɗakin kakata a kewaye kaskon gawayi. Habboba muke ce mata, irin na mutanen Sudan, don ta yi shekaru bakwai a can kan hanyarta ta zuwa daga ƙasar Kano. Tana gasa mana gyaɗa tana tatsuniya, ƙannena kuma suna amsa mata da Larabci, tana harararsu.

Ina 'yar shekara goma lokacin da Malam Isiyaka, wani ɗalibin jami'a da ke cin abinci a gidanmu ranar Juma'a, ya zo da labarin da ya ji a rediyo. Wai gwamnatin Najeriya ta yi doka, daga yanzu wani kaso na kayan da ke shiga ƙasar da masu fita, jiragen ruwanta ne za su ɗauka. Babana, wanda tela ne, ya yi dariya ya ce, "Ya ustaz, mu da ke nan tsakiyar duwatsu, ina ruwanmu da jirgin ruwa?"

Habboba ba ta yi dariya ba. Ta ture gyaɗar gefe ta ce, "Ku matso. Ga ta nan, amma ta yau babu kura babu zomo."

Ta ce wasu matafiya ne suka iso bakin bahar bayan shekaru suna tafiya a ƙasa, ga Makka a tsallake, ba su da jirgi. Sai wani mai sambuk, irin jirgin katakon nan mai filafilai, ya ce zai haye da su. Ba sa jin yarensa, shi ma ba ya jin nasu, da hannu aka daidaita. Ya loda su kamar buhuna, har da wata mata mai 'ya'ya biyu, namiji da 'yar goye. Kwana uku suna kan ruwa. A na huɗu ya nuna musu wani farin rairayi ya ce, "Jidda! Yalla!" Suka sauka suna kabbara, wasu suka faɗi suna sujada. Kafin su ɗago kai ya juya jirginsa.

Da suka zagaya wurin, sai suka ga ruwa ta kowane gefe. Tsibiri ne, ba itace, ba rijiya. Salkar ruwa ɗaya ce gare su, a rana ta biyu ta ƙare. Tsofaffi suka fara mutuwa. Nonon matar nan ya ƙafe, yarinyar ta yi ta kuka har muryarta ta dishe.

"A rana ta huɗu ta yi shiru," in ji Habboba. "Ba abin haƙa, da hannuna na tona mata."

"Da hannuna" ta ce, ba "da hannunta" ba. Babana ya tashi ya fita tsakar gida, muna jin shi yana buɗe famfo yana rufewa. Sai a lokacin na gane shi ne ɗan namijin. Masunta ne suka tsince su washegari, saura mutum tara.

Ta juya ga Malam Isiyaka. "Ɗana, wannan jirgi na gwamnati, matuƙinsa zai ji Hausa?"

Ya ce, "Wataƙila, Hajiya. Ko bai ji ba, an san gidansu."

"To, su yi. Wancan ko sunansa ban sani ba. Shekara arba'in ina so in kai ƙararsa gaban Allah, sai dai in ce mai jirgin nan."

Ba ta rufe da ƙurunƙus ba, ta ce mu tashi isha'i ta yi.

Bayan rasuwarta na yi aure a Yanbu, inda mijina ke aiki a tashar jiragen ruwa. Shi ya gaya mini cewa jiragen da aka yi wa waccan dokar sun lalace ɗaya bayan ɗaya, wasu an sayar, wasu sun yi tsatsa a tashoshin ƙasashen mutane. Na yi baƙin ciki kamar an yi mini mutuwa, ni da ban taɓa taka Najeriya ba. Ina yarinya na ɗauka labarin mugun mutum ɗaya ne ta ba mu. Da na girma na ga ba muguntarsa ce ta fi ci mata rai ba. Mutanen da ba su da abin hawa nasu, dole su miƙa 'ya'yansu ga wanda ba zai taɓa haɗuwa da danginsu ba, kuma takardar doka ba ta hana wannan in ba a riƙe ta da amana ba.

Babana ya kawo mana ziyara sau ɗaya, ya riga ya tsufa. Muka kai shi bakin ruwa da yamma. Ya daɗe yana kallon kudu, sannan ya ce sunan ƙanwar tasa Rabi, kuma shi ne ya riƙe ƙafafunta da za a sa ta a ramin.