Wuƙata a cikin akwatin Malam

Jiya Inna, uwar mijina, ta turo mini akwatinsa ta ce in zaɓi wuƙa ɗaya in riƙe, tunda mai takaba ba ta zama babu ƙarfe a hannu.

Malam, Allah ya jiƙansa, tara wuƙaƙe yake yi. Akwai ta ƙabilar Tubawa da yake ɗaurawa a damtse, akwai ta gyaran kifi da ya sayo a Bosso. Ko albasa bai taɓa yankawa da su ba, sai dai ya shafa musu mai ya mayar. Mun sha faɗa a kan haka.

A can ƙasan akwatin sai na ga tsohuwar wuƙata ta yankan tattasai, wadda ƙotarta ta karye na jefar a bola tun shekarar aurenmu. An yi mata sabuwar ƙota da kube na jar fata.

Na ce, "Inna, wannan ai tawa ce. Me take yi a nan?"

Ta ce, "Ɗiyata, ni da na haife shi ban gane kansa ba, bare ke."

Ranar Juma'a ƙaninsa zai zo ya kwashe wuƙaƙen don rabon gado. Ni na yar, Malam ya tsinta, kuma bai taɓa gaya mini ba.

Jama'a, tawa ce ko ta magada? Har yanzu dai tana hannuna.