Fatar da Aka Shimfiɗa Kan Dutse

Shekarar da gulbi ya ƙafe har muna ratsa shi da ƙafa, a Kurawa muke. Tuwo sau ɗaya ne, amma gatana ba ta yanke ba. Da an sallame magariba Kaka Tumba za ta tura kara a wuta, mu kuwa har ture juna muke.

"Ku matso, 'yan nema! Wagga ba ta masu gyangyaɗi ba ce."

Wai wani gari ne, kakanninsu sunka sassaƙa wuraren rijiyoyinsu bakwai kan falalen dutse. Doka guda: ba a sa wa dutsen guduma. Mai son gyara ya kawo fata, ya kwafe zanen duka, ya yi gyaransa a kanta, sannan ya shimfiɗa. Abin da ke sama shi jama'a ke dubawa.

Fari ya zo. Wani mai haƙar rijiya, Ɗan Gaje, ya ga ukun da ake sha sun ƙafe. Ya kwafi ukun nan kaɗai, ya soke su, ya shimfiɗa fatarsa, ya ruga. Mutane sunka duba, babu ruwa ko'ina. Aka ɗaura wa jakkai kaya, za a bar gari.

Nan Kaka kan yi shiru har mu yi ihu.

"To mi ya hwaru, Kaka?"

"Wata tsohuwa irina tac ce, ku ɗaga hwatar nan, ragwaye!"

Sunka ɗaga. Ga zanen sauran huɗun da aka manta kwance cikin dutse, ɗaya gindin gawo. Sunka haƙa, ruwa ya ɓulɓulo! Mu ma sai mu tashi muna tsalle, da ƙishirwarmu da komai.

Na haura arba'in kafin in riƙa alƙalami. Bara ɗiyata Hadiza, mai aikin kwamfuta a Sakkwato, take nuna mini yadda injin ke ajiye fayil hawa biyu. Na ƙasa ba a taɓa shi. In za a gyara, sai a kwafo shi sama gaba ɗaya, kuma ba a fito da kwafin sai ya kammala.

Na buga cinya. "Ke! Wanga ai dutsen Kaka ne!"

Ashe ba gyara ta hana ba, gyara da rabin sani ta hana. Shi ya sa jikokina in za su ba da gatanar nan, su ƙara abin da sunka so. Amma wanda ya kawo rabi, za ni tashe shi daga tabarma.