Gwajin da Ke Faɗuwa Ranar Kasuwa

Da aka ce mini in je in ga Zulaihat Lado, sai da na yi mako biyu ina jan ƙafa. Na daɗe ina karatu nesa da gida, na kuma dawo da wani zato da ban taɓa tsayawa na bincika ba, cewa rubuta manhaja aikin manyan birane ne, inda wuta ba ta ɗaukewa. Abin da aka ce ta yi ma bai yi mini kama da labari ba. Wai ta gyara wani gwaji. Na dai je, na same ta a ɗakin da ke bayan shagon naman mahaifinta a Talata Mafara, kuma daga bakinta da nasa na ji abin da ke biye.

Zulaihat ita ce ta huɗu a gidan Malam Lado Nagode, mahauci ɗan mahauci. Tun tana ƙarama ita ake miƙa wa rediyo ko waya idan sun rikice. Ta karanta kwamfuta a kwalejin fasaha ta garin, ta yi aure, ta haifi biyu, ba ta taɓa barin Mafara ba. Su uku ne ke rubuta wata manhajar waya da masu rigakafin dabbobi ke yawo da ita a ƙauyuka. Biyu suna Gusau, ita tana nan. Ta zaɓi ɗakin bayan shagon ne saboda a nan sola take, wadda aka kafa don firizar nama.

Aikin manhajar ba shi da wuyar fahimta. Ma'aikaciya ta shiga gida, ta rubuta sunan matar gidan, awaki nawa, tumaki nawa, ta ɗauki hoto, ta wuce gida na gaba. Sai dai wayoyin da aka raba musu ƙanana ne, memorinsu kaɗan, wato wurin da waya ke riƙe abin da take aiki a kai. Idan ya cika, waya takan rufe manhaja ba sallama, abin da ba a adana ba kuwa ya tafi ke nan.

Haka ya faru da Asabe, ɗaya daga cikin ma'aikatan, a daminar bara. Ta yi gida arba'in da uku a ƙauyen Dosara, dab da la'asar wayar ta rufe manhajar, aikin yini guda ya ɓace. Dole ta sake komawa, a kan hanyar da sai an tambayi direbobi kafin a shige ta. Da ta dawo ta kira Zulaihat.

"Hajiya Zulai, ba faɗa na kira in yi ba," in ji ta. "Amma in za a riƙa tura ni wuri ɗaya sau biyu, a gaya mini tun yanzu, in san irin sallamar da zan riƙa yi da yarana."

Bayan wannan kiran ne suka ƙara wa manhajar wani ɓangare da suke kira mai gadi. Aikinsa ya riƙa leƙa memori, da ya ga ya kusa cika sai ya yi maza ya adana komai. Suka kuma rubuta masa gwaji mai gudanar da kansa. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a kan kanta a ɗakin Zulaihat, murfinta a rufe, kowace safiya tana gudanar da gwaje-gwajen manhajar fiye da ɗari biyu. Wanda ya wuce ya nuna kore, wanda ya faɗi ya nuna ja. Gwajin mai gadi yakan cika memori da gangan, ya jira daƙiƙa biyu, sannan ya duba ko an adana.

Shi ne ya hana su sakat. Sai ya yi kwanaki yana kore, wata safiya ya tashi ja, alhali ba wanda ya taɓa komai. Idan Abdulwahab, shugaban aikin, ya sake gudanar da shi a kwamfutarsa a Gusau, sai ya koma kore.

"Injiniya, gwajin nan naki yana da iskoki," in ji shi a waya wata Talata. "Ki kashe shi kawai. Alhamis za mu saki sabuwar manhajar, Litinin su Asabe za su shiga ƙauyen Dakko."

"Idan na kashe shi, wa zai gaya mana mai gadin na aiki?"

"Ai yana aiki. Sau tara cikin goma kore ne."

"Asabe ma sau tara ta dawo da aikinta," in ji Zulaihat.

Ta ajiye wayar tana kallon jan layin. A lokacin Malam Lado ya leƙo daga shago yana goge hannu da tsumma.

"Mi ya same ki, ɗiyata? Kullum ranar kasuwa sai in iske kin haɗe fuska kamar an auna miki ƙashi an ce tsoka ce."

"Baba, wannan ba ruwansa da kasuwa."

Ba ta gama rufe baki ba ta jawo tarihin gwajin na wata huɗu. Ja goma sha ɗaya ne. Tara daga ciki ranar Talata, ranar kasuwar garin. Ɗaya jajibirin Sallah. Na ƙarshen wata Asabar ce, kuma ta tuna ranar, don an yanka shanu biyu na wani biki. Ta bi wayar wutar tsohuwar kwamfutar da ido har inda ta shige ta wata huda a bango. Ta zagaya cikin shago. Ga kan wayar a yashe a ƙasa bayan buhun gawayi, firiza ta biyu kuma tana gurnani a soket ɗin.

"Baba, wa ya cire wannan?"

"Ni mana. Ranar da nama ya yi yawa ina kunna ta biyun tun da asuba. Abin naki ai yana da batir nashi, kamar waya. Da azahar nike mayar miki, ban taɓa mantawa ba."

Gaskiyarsa, bai taɓa mantawa ba, shi ya sa ba ta taɓa lura ba. Idan kwamfutar tana kan batir takan rage gudu don ta yi tsimin wuta. Mai gadi sai ya makara wajen leƙa memori, daƙiƙa biyun gwaji su ƙare bai adana komai ba.

Da ta gaya wa Abdulwahab a waya, ya yi dariya har da tari. "To, an gama. A sayo wa Baba soket, a mayar da jiran daƙiƙa biyar. Ki gaishe mini da firiza."

Zulaihat ba ta yi dariyar ba. Ta ce masa yadda kwamfutar ke sanyin jiki ranar Talata, haka wayar Asabe take kullum, ga zafin rana, ga batir rabi. Idan mai gadi yana makara a nan, to yana makara a can. Ƙara jira zai sa layin ya koma kore ne kawai.

"Alhamis fa?"

"Ba za ta yiwu ba. Ka ba ni zuwa Asabar."

"Ni zan sha magana a wajen waɗanda suka ba mu aikin."

"Ka ce musu ni ce."

Aiki biyu ta yi. Na farko, ta hana mai gadi dogara da agogo kaɗai. Yanzu duk lokacin da aka ɗauki hoto sai ya duba memori, kuma da an gama gida ɗaya sai a adana shi nan take. Na biyu, ta raba gwajin da halin kwamfutar da yake gudana a kai. Ta ƙera masa agogo nasa da ma'aunin memori nasa, waɗanda gwajin ke juyawa da kansa, ya ce yanzu memori ya kusa cika, yanzu daƙiƙa ɗaya ta wuce, sannan ya duba abin da mai gadi ya yi.

Ranar Alhamis ya nuna kore sau hamsin a jere. Wani da nan zai tsaya. Ita kuwa tana da wata al'ada, ba ta yarda da gwajin da ba ta ga faɗuwarsa da idonta ba. Ta cire mai gadin gaba ɗaya, ta sake gudanar da gwajin. Ya nuna kore. Ashe ta yi kuskure, gwajin yana duba abin da shi da kansa ya ajiye ne. Ta tashi ta yi sallar la'asar, ta dawo ta soma warwarewa. Sai Juma'a da yamma ta samu abin da take so, gwajin ya faɗi idan babu mai gadi, ya wuce idan yana nan.

Asabar da hantsi ta shiga shago. "Baba, don Allah ka cire mini wayar nan."

"Yau kuma ke ke roƙona? Ran Talata kamar za ki kai ni gaban alƙali."

Ya cire, ya mayar, ya sake cirewa, tsakanin mai sayen hanta da mai sayen kai da ƙafa. Sau ɗari uku gwajin ya gudana, babu ja ko ɗaya. Ranar Lahadi aka saki manhajar.

Litinin bayan la'asar Asabe ta kira daga Dakko. Wayar ta rufe manhajar a gida na talatin da takwas, ta ce sai ta zauna a kan turmi. Da ta sake buɗewa, ga gidaje talatin da bakwai cif, ga na talatin da takwas har da hoton akuyar da ta ɗauka.

"Akuyar ma ba ta tsaya da kyau ba," in ji Asabe. "Amma tana nan. Gobe ina gida."

Ranar Talata na je wurin Zulaihat, firiza ta biyu tana gurnani, kan wayar kwamfutar yana yashe bayan buhun gawayi. Na tambaye ta me ya hana ta sayo soket na biyu har yanzu.

"Na sayo, yana cikin durowa," in ji ta. "Amma na ce wa Baba ya ci gaba da cirewa. Rana ɗaya ce a mako kwamfutar nan ke tafiya irin ta wayar Asabe, ina so in riƙa ganin abin da sauran gwaje-gwajen za su ce a ranar."